Naɗin Dodon Abagana

Wani mutum ne a Mararrabar Marke, can ƙasar Funtuwa, ana ce masa Anaruwa. Dillalin awaki ne a kasuwar Laraba. Amma in ka kira shi dillali, ko ka ce Malam Anaruwa, to da iska kake magana, ko waiwaye ba zai yi ba. Sai ka ce Kyaftin. In kuwa so kake ya saya maka shayi har da wainar ƙwai, sai ka ƙara da Dodon Abagana.

Zuwa Kudu lokacin yaƙin basasa, ya je, wannan ba mai musu. Mutanen gari sun ga tafiyarsa yana ɗan saurayi, maƙale a bayan wata babbar mota, sun kuma ga dawowarsa bayan an ajiye makamai. Abin da ya faru tsakanin tafiyar da dawowar ne ba shi da shaida sai bakinsa. Baki kuwa Allah ya ba shi. Mutumin da zai sayar maka da tsohon bunsurun da haƙoransa suka zube, ya rantse maka famfara yake yi, labarin yaƙi ne zai gagare shi?

Shekarar da ya dawo, farabiti ne. Damina biyu ta zagayo, ya zama kofur. Da ya yi aure ya zama saja. Kafin a cika shekara goma sha biyar da gama yaƙi ya kai kyaftin. Duk ƙarin girman nan a teburin Ilu mai shayi aka yi shi, shi ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa.

Kullum da hantsi zai zo ya gyara zama a benci, ya kurɓi shayi fuuut, ya dire kofi, ya dubi kudu kamar mai hango hayaƙi.

"Ranar da aka buɗe wuta a Gakem, wa kuke tsammani ya fara harbi?"

"Kai ne, Kyaftin."

"Ni dai ban faɗa ba. Amma a tambayi bindigar."

Daga nan sai ya kama hanya. Insuka, in ji shi, kafin shayi ya huce suka ci ta. Inugu kuwa shi ya fara shiga, har ya tarar da tukunyar shinkafa a kan wuta, masu ita sun yi ta kansu. Ya sauke, ya ci, ya suɗe hannu, sannan ya zauna jiran sauran sojoji.

"Anaca fa, Kyaftin?"

"Kai, Anaca ba daɗi. Daga Asaba muka shiga jiragen ruwa za mu tsallake Kwara, mutanen nan suka bari sai da muka kai tsakiya. Dum. Dum. Tatatata. Jirgi ya kife. Na ɗaura bindiga a ka, na saka mutum biyu a hammata, na uku ya riƙe kunnena, na kama iyo da ƙafa kawai. Wani kada ya taso ya buɗe baki. Na ce masa, koma, ba da kai ake yi ba."

"Ya koma?"

"Har da sara mini."

Haka zai bi da su Fatakwal, ya ratsa Oweri, ya ɓullo Umuwahiya, shayi na sanyi, masu sauraro sun saki baki. Amma Abagana ita ce tuwonsa da miyarsa, ba ya taɓa ta sai taro ya cika.

A gefen teburin, gindin dalbejiya, akwai wani mai facin keke ana ce masa Kofur Jatau. Shi kam soja ne na gaske. Ƙafarsa ta hagu ja yake yi, hannunsa na dama yatsa uku ne suka rage. Ba ya labarin yaƙi. An taɓa matsa masa, ya ce, "Mun tashi daga Zariya mu arba'in a mota ɗaya, mu tara muka dawo. Me kuke so in ƙara?" Ya ci gaba da goga wa tiyub sulushan.

Sau ɗaya tak ya taɓa tanka wa Anaruwa.

"Kyaftin, ka gafarce ni. Masu Inugu rundunarsu daban, masu Anaca daban, masu Fatakwal kuwa ta teku suka zo. Kai a wacce kake?"

Anaruwa ko gezau.

"Jatau, Jatau. Ku ne ake ajiyewa a runduna ɗaya kamar turke. Ni aro na ake yi. Duk inda wuta ta yi wuta sai a buga waya a ce a turo Anaruwa, in ya gama a dawo da shi."

Aka kwashe da dariya, aka tafa. Jatau ya ɗauki famfo ya ci gaba da ba taya iska. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Ana nan ana nan, sai Allah ya yi wa Sarkin Yaƙin garin rasuwa. Sarautar nan ba ta rawani ba ce kawai. Mai ita shi ne shugaban 'yan sintiri, shi ke zama dama da dagaci ranar salla, kuma da ita ake haɗawa da wata gona a fadama, mai rake da mangwaro, wadda ko sanda ka dasa a cikinta sai ta yi ganye. Tun ranar sadakar uku Anaruwa yake mafarkin raken nan.

Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce Jatau, don jikinsa ma shaida ne. Wasu suka ce Anaruwa, don in ɓarayin shanu suka ji sunan Dodon Abagana ba sai an fita ba. Dagaci, Maigari Korau, tsoho ne mai sanyin magana, wanda ba ka gane wasansa da gaskensa. Ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi.

Abin da Allah ya yi shi ne, wata Laraba aka sauke wani ɗan jarida a tasha, da rakoda rataye a kafaɗa. Sunansa Sabi'u, daga gidan rediyon jiha. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta gabato, yana yawo gari-gari yana naɗar muryar tsofaffin sojoji. An ba shi sunan Kofur Jatau.

Wa zai fara cin karo da shi? Anaruwa, riƙe da igiyar akuya.

"Kofur Jatau kake nema? Ayya. Ai ya tafi Bakori ta'aziyya, sai wani mako." Alhali daga inda suke, in ka miƙa wuya, kana hango Jatau sunkuye kan keke. "Kuma ko yana nan, wahala za ka sha. Igwa ta kashe masa kunne. In ka ce Oweri sai ya ce a'a, ya ƙoshi."

"To fa. Ni kuwa yau zan koma."

"Allah ya so ka. Kyaftin ɗinsa ne a gabanka."

Abin nema ya samu. Anaruwa ya damƙa wa wani igiyar akuya, ya zagaya da baƙo ta bayan kasuwa don kada su bi ta gindin dalbejiya, ya kai shi gida. Ya sa matarsa Goshi ta yi farfesun kai. Sai da Sabi'u ya ci ya yi nak, sannan aka danna rakoda.

Anaruwa ya gyara murya. Ya faɗi sunansa, da sunan ubansa, da sunan garinsu, har da kwatancen gida, kada wani Anaruwan ya ci ladan banza. Sannan ya shiga Abagana.

"Motoci sun fi ɗari a jere, kamar jerin gwano, mun nufi Anaca. Sojoji, makamai, abinci, ga tankar mai a tsakiya. Daji shiru. Na ce wa na kusa da ni, shirun nan ban yarda da shi ba. Ban rufe baki ba sai ji muka yi ƙuuu, ɗam. An sami tankar. Wuta ta bi motocin nan ɗaya bayan ɗaya kamar ta sami karmami. Harsashinmu ya kama tashi da kansa, fat fat fat. Kowa ya yi ta kansa."

"Kai fa, Kyaftin?"

"Ni? Na cire hula na yi fifita da ita. Sannan na shiga wutar. Mutum saba'in na fito da su, ina ɗauka ina jefawa waje kamar damin dawa. Da na gama na juya kan masu kwanton ɓauna. Harsashi ya ƙare, na kama bindiga ta baki. Har yau a ƙasar nan, in yaro ya ƙi barci, sai uwarsa ta ce masa ga Anaruwa nan."

A teburin shayi mutum bakwai ne ya saba fitarwa. Rakoda ce ta ƙara sauran.

Ranar da aka saka shirin, garin Marke kaf ya taru a kan akwatunan rediyo. Sunan garinsu ya fito a iska, har sau huɗu. Mata suka yi guɗa. Masu goyon bayan Jatau suka yi laƙwas. Washegari dattawa suka je wa Maigari Korau, suka ce ai magana ta ƙare, mutumin da duniya ta ji shi ba a tsallake shi. Maigari ya shafa gemu ya ce to, tunda haka kuka gani, Juma'a ta sama bayan an sauko masallaci.

Anaruwa ya tafi Funtuwa ya sayo kakin gwanjo, aka rage masa ƙugu. Ya samo lambobi uku masu ƙyalli a wajen 'yan koli, ya goge su da toka da lemun tsami. Ya je fadama sau biyu ya zagaya gonar, hannu a baya, yana gaya wa rake ya kwantar da hankalinsa, mai shi na tafe.

Juma'a ta zo. An kafa rumfa a ƙofar gidan dagaci, an shimfiɗa tabarmi. Makaɗa sun ɗaure kalangu, maroƙi sai tsalle yake yi.

"Dodon Abagana, na Goshi sha wuta. Kwara ta gan ka ta ba da hanya. Aro ake yi a dawo da kai."

Anaruwa ya fito, kaki a ciki, babbar riga a waje, ya buɗe gabanta yadda lambobi za su sha rana. Yana tafiya ƙasa-ƙasa kamar mai taka ƙwai. Ya durƙusa a gaban Maigari. Jatau na can gefe a bakin tabarma, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Liman ya yi addu'a aka shafa. Maigari ya karɓi rawani fari fat, ya warware, ya kama bakinsa.

Sai ga wata tasi ta tsaya, ƙiii, a bayan taro.

Wata dattijuwa ta fito, gajera, kakkaura, ta ɗaura zane biyu irin na matan Ibo, ɗaurin kanta kamar faifai. Ta rungumo jaka. Ta yi sallama da Hausa tas, irin ta Zazzagawa, ta tambayi gidan Anaruwa. Aka ce ai ga shi can ana naɗa shi. Ta ratso mutane tana a gafarce ni, a gafarce ni, har ta iso bakin tabarma. Ta leƙa fuskar mai durƙuso. Jaka ta faɗi tim.

"Ogeci. Ogeci 'yata. Ashe rai kan ga rai?"

Anaruwa ya ɗago. In da ƙasa na da ƙofa, da ya ƙwanƙwasa. Ya buɗe baki zai ce bai san ta ba, murya ta ce ba da ni ba. Leɓe na motsi, ba abin da ke fita.

Matar ta fashe da kuka, tana dariya a ciki, ta dafa kansa. "Ku dube ta. Ku dube shi, na ce. Har da gemu. Har da tumbi."

Maigari ya ɗora rawani a cinya. "Baiwar Allah, sannu da zuwa. Daga ina?"

Ta durƙusa ta kwashi gaisuwa yadda ya kamata. "Ranka ya daɗe, sunana Filomina. A Sabon Garin Zariya aka haife ni, can nake sayar da atamfa. Ran nan na kunna rediyo, sai na ji murya ta ce, ni ne Anaruwa na Mararrabar Marke. Na ce wannan muryar ko a kabari na ji ta na san ta. Ina jin kwatancen gida batir ya mutu, ban ji sauran ba. Shekara goma sha biyar ina cigiya tasha-tasha, don bai taɓa gaya mini sunan garinsu ba."

"To ai kin rasa labari," in ji wani daga cikin taro. "Abagana ya ba da."

"Ayya, Abagana." Ta share hawaye da bakin zane. "Ai a nan na tsince shi."

Anaruwa ya shiga yi mata alama da ido, yana girgiza kai, yana ɗora yatsa a baki. Ta dube shi cike da ƙauna.

"Kun gani? Haka muke magana da hannu. Bai manta ba."

Maigari ya ce a ba ta wuri ta zauna. Aka kawo ruwa ta sha. Ya ce, "Madam, ba mu labari. Mu nan ɓangare ɗaya muka sani."

"Ranka ya daɗe, lokacin da rikici ya tashi a Arewa, wani maƙwabcinmu Bahaushe ya ɓoye ni da 'ya'yana uku a rumbunsa kwana huɗu, ya saka mu a jirgin ƙasa da hannunsa. Na yi wa Allah alkawari, in na sami ɗan Arewa cikin wahala sai na rama. Muna ƙauyenmu, kudu da Abagana, ranar da motocin nan suka ƙone. Washegari na je gonar rogo, sai na ji rogo na kuka. Na ɗaga ganye, sai ga yaro kwance, ba riga, takalmi ƙafa ɗaya, yana kiran innarsa da Hausa."

"Da bindigarsa?" in ji Maigari.

"Bindiga kuma? Ai yaron mota ne. Motarsu buhunan garin kwaki ta ɗauko wa sojoji, ita ce ta can ƙarshen layi. Da kansa ya gaya mini, yana bayan mota yana barci ya ji ɗam, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wutar ma bai gan ta ba, bai waiwaya ba. Mil bakwai ya yi a guje, kuma maimakon ya yi baya sai ya yi cikin ƙasarmu."

Wani ya yi tari. Wani ya toshe baki da hula. Maroƙi ya zauna a hankali.

"Sojojinmu na bi gida-gida suna neman waɗanda suka tsere. In aka ga namiji baƙo, ya shiga uku. Na dube shi, siriri, ko gashin baki babu. Na ɗauko zanena na ɗaura masa, na ɗaura masa kallabi, na cusa tsumma inda ya kamata. Na ce wa mutanen gari 'yar yayata ce marainiya, kurma ce, bebiya, sunanta Ogeci. Wata ashirin da ɗaya, ranka ya daɗe, yaron nan bai ce uffan ba a waje."

"Anaruwa?" in ji Ilu mai shayi. "Wata ashirin da ɗaya bai yi magana ba? To ashe bashin... ashe ramuwa yake yi a teburina."

Taro ya ɓarke. Nan fa murya ta dawo wa Anaruwa. Ya miƙe zumbur, lambobi na ƙaras ƙaras.

"Ranka ya daɗe, a saurare ni. Abin da matar nan ta faɗa, akwai ƙamshin gaskiya. Amma sirrin soja ne, shi ya sa ban taɓa faɗa ba. Leƙen asiri aka tura ni. Shigar mata dabarar yaƙi ce, sai gwanaye ake ba wa. Rana ina cikinsu, in ido ya kau in sulale in je fagen fama in dawo."

Dariya ta ɗan lafa. Wasu suka fara gyaɗa kai, don bakin mutumin nan ko dutse ya yi wa magana sai ya yi laushi. Anaruwa ya ga alamar ruwa, ya fara gyara riga.

Sai Jatau ya ɗaga hannunsa mai yatsa uku.

"Ranka ya daɗe, ko zan yi wa baƙuwa tambaya?"

"Bismilla, Kofur."

"Madam, lokacin da aka ci Fatakwal, farkon damina, yana ina?"

"Fatakwal? Lokacin ne nake koya mata tuyar gari. Sau uku tana ƙona mini kasko. Ko bayan gida za ta, sai na raka ta, tsoron ƙarar jirgin sama."

"Da aka yi wa sojojinmu ƙawanya a Oweri fa? Wata huɗu muna ciki, ni a can na bar yatsuna."

"Allah sarki, sannu. Lokacin hannunta ya faɗa. Ita ke yi wa matan unguwa kitso. Daka kuwa, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin mace mai dakan sakwara kamarta ba. In ta ɗaga taɓarya, tim, tim, tim, har daga wata unguwa ake zuwa kallo."

Wata murya ta taso daga cikin mata. Goshi ce, ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Daka? Malam, daka? Shekara goma sha biyu ina fama da turmi da ciwon kafaɗa, ashe gwana na kwance a ɗaka tana jiran a kawo mata tuwo?"

Mata suka zube a kan juna. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Zufa ta karyo wa Anaruwa, ta bi kaki, ta bi babbar riga. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ko'ina haƙora.

Jatau bai yi dariya ba. Ya ce, "Saura ɗaya. Umuwahiya."

"A'a, wannan ba zan manta ba," in ji Madam Filomina, fuskarta ta washe. "A makon ne aka kawo akuya."

"Inna," in ji Anaruwa, murya kamar ta ɗan tsako, "don girman Allah."

"Mene ne abin kunya? Ai abin alfahari ne. Ranka ya daɗe, akwai wani dattijo a ƙauyenmu, Mazi Obidike, mai hawan kwakwar manja, matarsa ta rasu. Kullum sai ya zo ya tsaya a bakin danga yana kallon daka. Ran nan ya ce shi fa ya ga mata. Ga ƙarfi, ga aiki, ga shi ba ta magana. Ya ce irin wannan sau ɗaya Allah ke yin ta."

"Kika ce me?"

"Na ce yarinya ce. Ya ce zai jira. Na ce bebiya ce. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Sai ga shi da danginsa, sun jawo akuya. Akuya, ranka ya daɗe, a lokacin da mutane ke cin ɓera da ƙadangare, yara na kumbura don yunwa. In na ƙi, za a ce me nake ɓoyewa? Na shiga ɗaki na tambaye shi a Hausa, na ce ga halin da ake ciki. Ya leƙa ta taga ya ga akuyar, ya ce, Inna, karɓi, tana da mai."

Ilu mai shayi ya faɗi ƙasa yana shure-shure.

"Da hannunsa ya yanka ta a bayan ɗaki, ya ce shi ba ya cin mushe. Hanta da ƙoda duk shi ya cinye. Dattawa suka sa albarka, aka ce tarewa sai an gama yaƙi. Ranar da aka ce yaƙi ya ƙare, na nemi Ogeci na rasa. Sai zanena na tarar a bakin titi."

Maigari Korau ya dubi rawanin da ke cinyarsa. Can ya ce, "Shi dattijon, Allah ya yi masa rasuwa?"

"Yana nan da ransa, ya kusa casa'in. Ba wanda ya iya gaya masa gaskiya, tausayi. Bai sake aure ba. Duk Kirsimeti in na je gida sai ya kama hannuna ya ce, an ji labarin matata? Bana kam zan ce masa an gan ta, ta yi ƙiba."

"Bai sake ta ba ke nan."

"Saki? Ko da wasa."

Maigari ya gyaɗa kai. Ya kama rawanin nan ya shiga naɗe shi a hankali, ninki bayan ninki, taro na kallon hannunsa. Anaruwa ya matso da gwiwa.

"Ranka ya daɗe, naɗin fa?"

Maigari ya miƙa wa na kusa da shi rawani, ya dube shi da tausayi.

"Ki yi haƙuri, Ogeci. Mu a garin nan ba ma naɗa matar aure sai da izinin mijinta."